Gwaggo Mai Zakara ta Ɗakin Ɗibar Jini

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe take isowa. Sai ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta sa farar riga, ta goge teburin nan mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali. Ta jera ƙananan kwalabe, masu jan murfi gefe guda, masu shuɗi gefe guda. Allurai kuwa a aljihun tebur take ɓoye su, kada idon yaro ya fara sauka a kansu. Kafin ta buɗe ƙofa sai ta ɗauki safar hannu ta roba, ta hura ta har ta kumbura, ta ɗaure bakin, ta zana mata ido da biro. Babban yatsa ya zama baki, sauran huɗun su zama zanko. A nan ta samo sunan da duk asibitin ya san ta da shi: Gwaggo Mai Zakara.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ɗibar jinin gwaji a wannan ɗaki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba ta ɓoye cewa a farko ita ma danne yara take yi, kamar yadda aka koya mata. "Har yau ina jin kukansu," in ji ta. "Shi ya sa na nemi wata hanya."

Mahaifiyar wata yarinya mai suna Auta ta ga wannan hanya da idonta. Auta tana da cutar sikila, dole a riƙa duba jininta a kai a kai. Tana shekara shida aka taɓa kai ta wani wuri, mutum huɗu suka danne ta, aka soke ta sau biyar kafin a sami jijiya. Tun daga ranar, ko warin asibiti ta ji sai amai. Uwar ta kasa jurewa, ta tura katin asibitin ƙarƙashin katifa, wata huɗu ba ta kai ta ba. Sai da tafin hannun yarinyar ya yi fari fat, ko tsakar gida ba ta iya ratsawa sai ta tsaya haki, sannan uwa da uba suka kwashe ta zuwa asibitin nan. Likita ya ce a ɗebi jini yanzu-yanzu.

A bakin ƙofa Auta ta ƙanƙame ƙarfen taga tana ihu. Mahaifinta, wani ƙaton mahauci, ya naɗe hannun riga zai ɓanɓare ta. Gwaggo ta ɗaga masa hannu. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba, zakaranta ta juya tana yi wa faɗa.

"Kai, yau ma ka ƙi cara? Ga baƙi mun yi, za ka ba ni kunya?" Ta kai shi kunne kamar mai sauraro. "Wai sai an hura masa iska a zanko. Ni kuwa tsohuwa, ina na ga numfashi?"

Kukan ya ragu. Auta ta ja majina ta ce, "Ƙarya ne. Zakaran roba ba ya cara."

"To, ke kika sani. Zo ki gwada."

"Soke ni za ki yi."

"Zan soke ki, 'yata, ba na yi wa yara ƙarya. Zai yi zafi kamar cizon cinnaka, sau ɗaya tak. Kuka ba laifi, motsa hannu ne ba na so. Ki hau cinyar Mama ta rungume ki. Aikinki hura zakara, nawa neman jijiya."

Da ƙyar Auta ta saki tagar. Ta hura sau ɗaya, shiru. Gwaggo ta ce ai wannan ko sauro ba zai kora ba. Yarinya ta cika kumatu ta hura da iya ƙarfinta, sai Gwaggo ta maƙale murya ta saki cara, "Kukurukuu!" Allura ta riga ta shiga. Auta ta zabura kaɗan, ta ci gaba da hurawa. Can sai aka ji tim! Mahauci ne ya hango jinin 'yarsa a kwalba, ya sulale jikin bango.

Auta ta tuntsire da dariya, hawaye bai ma bushe mata ba. "Baba, kai da kake yanka shanu!"

Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a ranar aka yi mata ƙari. Likita ya ce da an ƙara mako guda, da labarin ya sha bamban. Tun daga lokacin katin bai sake komawa ƙarƙashin katifa ba.

Gwaggo, ke ce kike sa uwa ta ba jariri nono yayin da kike aikinki, har a gama bai sani ba. Ke ce kike jan babban yaro da gardamar ƙwallo, ke da ko dokokinta ba ki sani ba. Masu jira a layi sun sha gunaguni wai kina da nawa, ba ki taɓa ɗaga murya ba, sai dai ki ce, "Wanda na lallaba, sau ɗaya nake soka masa allura. Wanda aka danne, sai uku." Mai sanyin hannu, ba a taɓa kiran ki gaban taro an ba ki lambar yabo ba, amma iyaye nawa ne suka daina fargabar ranar gwaji saboda ke?

Ku masu tasowa a wannan aiki, ba sai kun iya cara ba. In an kawo muku yaro yana makyarkyata, ku tsuguna daidai tsawonsa, ku tambaye shi sunansa, ku faɗa masa gaskiya, ku ba idonsa da bakinsa wani aikin. Minti biyu ne, ba za su rage ku da komai ba.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba ki lafiyar cin hutu. Yadda kika sassauta wa 'ya'yan mutane, Allah ya haɗa ki da mai sassauta miki ranar da ke ma za ki miƙa hannu.