Sunan da Goggo Asta Ba Ta Faɗa

A unguwar Mayo Gwoi, in ka ce Goggo Asta mai kunun gyaɗa, ba sai ka ƙara kwatance ba. Gajeriyar dattijuwa ce wadda ko hadari ya haɗo ba ta ɗaga ƙafa. Daga wata ruga ta bayan Kona aure ya kawo ta gari, miji ya rasu ya bar ta da yara, ta raine su da tukunyar kunu. Birni ya canja mata abubuwa da yawa, har waya take riƙewa, ko da yake takan yi mata ihu kamar mai kiran saniya. Abu ɗaya ne ya ƙi canjawa, wato kunyar ɗan fari.

Babban ɗanta Hayatu ya yi gemu, ya yi aure, yana tuƙa keke mai ƙafa uku, amma tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ita ma ta yi. In tana nemansa sai ta ce, "Ina mai keken nan?" In an yabe shi a gabanta, sai ta kau da kai ta gyara itacen murhu. Shi kuwa yakan tsokane ta ya ce, "Dada, anya kin ma san sunana?" Sai ta jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya malalo cikin rijiyoyi, amai da gudawa ya shigo unguwa. Tsoro ya riga cutar isa gidaje. Kowa da labarin da ya ji a waya, mata suka daina leƙa juna. Goggo Asta ta dakatar da kunu, ta mayar da babbar tukunyar ta tafasa ruwan sha, duk mai so ya kawo jarka. In ta gama sai ta zauna ɓarar gyaɗar da ba ta da niyyar damawa.

Maƙwabciyarta Rachael, 'yar Mumuye mai aikin jinya, ta taɓa tambayarta ko ita ba ta jin tsoro ne.

"Ina ji mana, 'yata," in ji Goggo. "In na zauna hannu sake, cinye ni zai yi. Shi ya sa nake sa shi ɓarar gyaɗa."

Hayatu ne ke kwasar marasa lafiya zuwa asibiti lokacin da wasu direbobin suka ƙi. Wata safiya sai ga shi shi ma an kwashe shi. Matarsa tana gidan iyayenta wankan jego, don haka Goggo ce ta bi shi. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatarsa ta saki. Aka sa masa ƙarin ruwa, Rachael ta miƙa wa Goggo kofin ruwan gishiri da sukari da cokali, ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a bari ya yi shiru.

Goggo ta zauna a gefen gadon, rabin jikinta a juye, yadda uwa ke zama kusa da ɗan fari a gaban mutane. Fuskarta lafiya lau, amma tsoro ya kama ta, ga shi babu gyaɗar ɓara a nan.

"Mai keke, buɗe baki," ta ce.

Bai motsa ba. Ruwan ya gangara ta gefen leɓensa. Ta sake gwadawa, haƙoransa a datse.

Rachael ta dawo ta duba shi, ta rage murya, ta yi magana da irin Hausarta. "Mama, ka kira sunan shi. Ko mutum ya yi nisa, yana jin sunan shi."

Goggo ta dubi matan da ke jinyar nasu a sauran gadaje. Akwai Fulani a ciki, sun san ta, sun san ko wane ne wannan a wurinta. Ta ajiye kofin, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, ta ɗora tafinta a goshinsa. Sunan ya yi mata nauyi a harshe, don bai taɓa bi ta nan ba.

"Hayatu," ta ce a hankali. "Hayatu, ni ce. Sha."

Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe baki. Cokali ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Haka ta yi ta kiransa tana ba shi har la'asar, hawaye ne kawai ta kasa hanawa.

Bayan cutar ta lafa, tukunya ta koma kunu. Ranar da Hayatu ya fara fita da kekensa, ya tsaya a ƙofar gida, a rame, yana murmushi.

"Dada, sake faɗa in ji. Wancan karon ban ji sosai ba."

Goggo Asta ta ci gaba da dama kununta, ba ta ɗago ba.

"Mai keke, tafi aikinka," ta ce. "Allah kada ya sake kawo ranar da zan faɗa."