Hular Waldar da Na Sayo daga Kano

Injin niƙa goma sha huɗu, mako uku, kwali shida na tsinken walda, da mutum guda da muka yi shekara tara muna aiki tare. Abin da na ɗora a faifai ke nan a sanyin waccan shekara. Masu haƙar zinariya na Bagega ne suka ba ni aikin, in gyara musu tsofaffin injinan da suke niƙa dutse, in yi wa kowanne sabuwar ƙafa ta ƙarfe. Sun faɗa mini a fili cewa idan na saɓa, akwai wani dillali a Bukkuyum da ke jiran ƙiris. Ban damu ba, don na san wanda nake da shi.

Ni ba na walda. Da tiren noti da ƙusoshi na fara a kasuwar Anka, har Allah ya kai ni ga shago da rumfar aiki a bayansa. Mai waldata mutumin Gummi ne, ya girme ni, kuma magana ba ta dame shi ba. Injiniya nake ce masa, shi kuwa Alhaji yake ce mini tun ban san hanyar Makka ba. In ya haɗa ƙarfe biyu, ɗinkin sai ka ce kitso. A shekara tara ba a taɓa dawo mini da aikinsa ba.

Kafin mu fara wannan aikin na je Kano sayayya, na ga hular walda irin wadda ake sawa a kai ta rufe fuska duka har haɓa. Shi kuwa tun da na san shi da garkuwar riƙewa a hannu yake aiki, wadda ta sha ɗauri da waya. Na sayo hular, na miƙa masa a gaban 'yan rumfar mai shayi, na ce yau hannunsa biyu sun sami 'yanci. Aka yi ta sa albarka. Ya yi godiya sosai. Tsohuwar garkuwar kuwa ranar ma na sayar wa wani mai facin taya, don ban iya ganin kaya a ajiye ba.

Sanyi ya shigo da ƙarfi. Muka gama inji huɗu na farko aka ɗauka. Ba a yi kwana biyar ba sai ga biyu a bayan mota, ƙafafun sun tsage daidai wurin ɗinki. Na tsuguna na duba. Waldar ta bi gefe, ta bar bakin haɗin, wani wuri tuli, wani wuri fayau. Na kira shi ya gani.

“Injiniya, wanga aikinka ne?”

“Nawa ne, Alhaji.”

“To mi ya faru?”

“Za ni sake shi.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Dillali irina kuwa in an ba shi gajeriyar amsa, shi yake ƙarasa ta a ransa. Abu na farko da ya zo mini shi ne tsinke. Mai kyau nake saye, akwai kuma na banza mai araha da ke kama da shi sak. Wanda ya musanya kwali guda ya ci riba ba wanda ya sani. Da na fara kallonsa da wannan ido sai na shiga ganin abubuwa. Mutumin da ke tada janareta da an idar da sallar asuba, yanzu sai ya yi ta 'yan kame-kame, yana goge ƙarfe yana aune-aune, har rana ta ɗaga. Idanunsa jajawur kullum, suna zubar ruwa. Ya kan tsaya cikin aiki ya juya baya yana murza wani abu da hannun riga. Na ce ko dai yana wani aikin a ɓoye ga mutumin Bukkuyum, ba ya samun barci, ko kuwa ya fara shan ƙwaya.

Na je wurin mai kemis ɗin bakin tasha, na saya wa kaina maganin mura da ba na buƙata, na jefa tambaya kamar da wasa.

“Injiniyana na zuwa nan kuwa?”

“Shina zuwa, kusan kullum.”

“Mi yaka saye?”

“Alhaji, kai ma in an tambaye ni abin da ka saya ba ni hwaɗi.”

Na fito da zargina ya ƙara nauyi. Da na je gaida Inna na ɗan taɓa mata maganar. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Ka tambaye shi?” Na ce na tambaya. Ta ce, “Tambayar mai shago ka yi mai, ko ta ɗan'uwa?” Na ce Inna ba ta san kasuwa ba. Ta ce awo, ba ta sani ba.

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi, amma zan faɗa. Na buɗe sabon kwali, na ɗauki zarto na yi wa kowane tsinke 'yar shaida a gindi, wurin da wuta ba ta ci. Da yamma in ya tafi sai in tsince guntayen a ƙasa in duba. Kwana uku ina haka. Kowane guntu da shaidata a jikinsa. Maimakon in ji sanyi sai na ji haushi, na ce ya gano ne ya yi hattara. Na kuma aika inji uku a asirce wurin wani mai walda a Gummi, don kada in tashi a tutar babu.

A rana ta huɗu na ce masa tilas a fara da sassafe, lokaci ya ƙure. Na ce zan tafi Gusau. Ban tafi ba. Na zauna a rumfar mai shayi, ta inda ake hango rumfarmu ta tsakanin buhunan gawayi, na rufe kai da mayafi. Sanyin ranar har haƙora ke haɗuwa.

Ya zo, ya tada janareta. Ya ciro ƙyalle ya ɗaure hanci da baki tam. Wannan na san dalilinsa. Tun da gubar dalma ta ci yara a Yargalma da Bagega, ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a kan garin dutsen da ke manne a irin waɗannan injina, shi kuma yana da ƙanana uku a gida. Ya ɗora hular, ya sauke ta, ya kunna wuta. Bai yi nisan ɗan yatsa ba ya tsaya. Ya cire hular, ya goge cikinta da hannun riga, ya mayar. Ya sake tsayawa. A karo na uku sai ya waiga hagu da dama, ya ture hular sama, ya saita tsinke da ido tsirara, ya kau da fuska ya ci gaba. Hasken nan mai shuɗi yana dukan gefen fuskarsa, shi kuma yana satar kallo yana runtsewa.

Na ajiye kofin shayi na taka har wurinsa. Da ya gan ni bai ce komai a kan Gusau ba.

“Ba ni hulan nan,” na ce. “Da ƙyallen.”

Na ɗaura, na sa. Numfashi biyu na yi, gilashin ya yi fari fat da raɓa. Ƙyallen ya hana numfashi fita ta gaba, sai ya bi gefen hanci ya hau sama, ya tarar da gilashi mai sanyi kamar randa, hular kuma ta rufe ko'ina. Ko hannuna ban gani ba. Tsohuwar garkuwarsa iska na ratsa ta ta kowane gefe, shi ya sa bai taɓa sanin wannan matsala ba.

“Tun yaushe?”

“Tun da ɗari ya sauka. In rana ta yi sama shina bari.”

“Kemis fa?”

“Maganin ɗigawa a ido.” Ya ɗan yi murmushi. “Ya ce ka je kana tambayar lafiyata.”

“Don mi ba ka hwaɗa mani ba, Injiniya?”

“Kyauta ce, Alhaji. Gaban mutane ka ba ni. In ce maka mi, kayanka bai yi ba?”

“Sai ka makance don kara?”

“Na je wurin mai faci in sayo tawa. Ya ce kai ka sayar mai, sai da izininka.”

Sai na koma ga abin da na iya, wato neman mafita. Na tuna direbobin motar Gummi da nake bi da asuba zamanin ina talla, yadda suke shafa busasshen sabulu a cikin gilashin gaba su goge da tsumma har ya yi ƙal. Na karɓo guntun sabulu wurin mai shayi muka gwada. Raɓar ta ragu ƙwarai. Shi kuma da ya ga an buɗe magana sai basirarsa ta dawo. Ya huda ƙananan ramuka huɗu a ƙarƙashin haɓar hular, inda hasken wuta ba zai shiga ba. Ya cusa 'yar waya a bakin ƙyallen ya matse ta a karan hanci, numfashi ya koma ƙasa. Muka roƙi mai shayi ya riƙa rataye mana hular nesa kaɗan da murhu da safe, don gilashin ya ɗumama kafin a sa. Injinan kuma muka riƙa wanke su da ruwa a rami kafin su shigo rumfa. Na kai shi asibiti, wata ma'aikaciya 'yar Filato ta duba idon, ta yi mini faɗa kamar ni na riƙe tsinken, ta ce ya huta kwana biyu.

Ya huta ɗaya. Ɗinki ya dawo kamar kitso. Ukun da na aika Gummi na je na kwaso su da kaina, Injiniya ya dubi waldar da ke jikinsu, ya san hannun wanda ya yi.

Mun cika alkawari da kwana guda a gaba. Ranar da aka ɗora na ƙarshe a mota, ina rufe shago, sai ya shigo ya ajiye gwangwanin madara a kan teburina. Cike yake da guntayen tsinke.

“Mi ne ne wanga?”

“Don kada ka wahala da tsugunno, Alhaji. Gwiwa ba ta son sanyi.”

Na ce ya bari, abin ya wuce. Ya ce to. Washegari ya sake kawowa.

Ga yadda abin ya tashi. Inji goma sha huɗu sun tafi, ba wanda ya dawo. Mutanen Bagega sun zauna da ni, na Bukkuyum bai samu ba. Dabarar sabulu da ramuka ta bazu, na sayar da huluna da dama a Anka da Gummi a kanta. A ɗaya gefen kuma, idonsa na hagu har yau ruwa yake in rana ta yi zafi. Mun ƙara shekara huɗu tare kafin ya koma garinsu, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa fashin ajiye gwangwanin nan ba ko da yamma ɗaya. Ban taɓa ƙirga abin da ke ciki ba. Na ci riba a injina, na faɗi a mutum, kuma ni da na san farashin kowane ƙarfe a kasuwa ban sami inda ake sayo wannan ba.