Rarar Fanshon Maigida

Maigidana likita ne a Manchester, kuma ba ya iya riƙe farin ciki shi kaɗai. Wata shekara ya zuba kuɗi a asusun fansho har ya wuce iyakar da aka yarda masa, sai aka dawo masa da rarar. Da ya ga kuɗin sun shigo, ya leƙo kicin ya ce, "Albishirinki."

Na ce, "Goro."

Ni ya kamata in ba da goron, amma shi ya kama rabo. Ni na sami leshi, yara suka sami takalma. Ranar Asabar muka tafi Birmingham gidan yayana, wanda akanta ne, muka tsaya a Stratford Road maigida ya saya musu rabin rago.

Yaya ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, sannan ya tambayi daga ina wannan alheri ya faɗo. Da ya ji bayani sai ya ce, "Likita, ai kuɗinka ne suka dawo gida. An rage maka haraji lokacin da ka zuba su, don haka sai ka bayyana su a fom ɗin haraji, ka mayar da ragin."

Maigida ya daɗe yana kallon ƙasusuwan da ke faranti.

A hanyar komawa na lura yana satar kallon leshin jikina. Na ce, "Wannan dai an riga an ɗinka."