Matar da Ta Nemi Gafara a Madadin Gunarto

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin kujerun Haji Mukhson da ke birnin Semarang, a shekarun da wayar gida ta fara karɓar rubutaccen saƙo, ya san Gunarto. Ba wani abin kirki ya yi aka san shi ba. Makulli ne yake ratayawa a ƙugu, na wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda aka ajiye injin da ke rarraba kiran waya zuwa ofisoshi. Ɗakin nan ne kaɗai mai na'urar sanyi a ƙasan benen, kuma Gunarto ya ɗauka dominsa aka sa ta, ba domin injin ba. Kafintoci na can baya suna shaƙar garin katako, shi kuwa sai ya fito yana murza tafin hannu, wai sanyi ya dame shi.

Ɗan garin Demak ne, daga wani lungu a bayan kasuwar kifi. Uwarsa, Mbok Ponirah, wato Inna Ponirah a harshensu, da tallan busasshen kifi ta yi masa makaranta tun rasuwar ubansa. Da ya sami aiki sai ya koyi fesa turare, ya kuma koyi cewa "iyayena 'yan kasuwa ne" da irin muryar da za ka rantse jiragen ruwa gare su. Har ya yi sa'a Rukmini 'yar Haji ta ce tana sonsa, aka tsayar da biki a watan bayan ƙaramar Sallah.

Ana gab da azumi tsohuwar ta hau mota ta zo ganinsa, da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba. Ta iske shi a bakin ƙofa tare da wasu Turawa masu sayen kujeru, yana ta lanƙwasa harshe. Ɗayansu ya tambayi ko wace ce wannan. Gunarto ya dubi zanenta, ya dubi silifas ɗinta, ya ce, "Wata ce daga unguwarmu, takan yi mana shara." Wani direba mai jin Turanci yana tsaye a wurin, kuma kafin ta kai tasha ya fassara mata. Ƙunshin shinkafar ta bar wa mai gadi.

Bayan kwana biyu yayarsa Marsiti ta kira shi.

"Kai, marar kunya, Mbok ta ce in gaya maka. Ranar Sallah ka zo ka durƙusa ka ɗora goshinka a gwiwarta kamar kowane ɗa. In ba ka zo ba, ka nemi wata mai sharar ta zauna maka a kujerar uwar ango."

"Haba Mbak, ke ba ki san yanayin aikina ba ne," in ji shi. Mbak suke ce wa yaya mace.

"Aikin gadin firji? Na sani mana."

Ta kashe. Gunarto ya san maganar ba ta wasa ba ce. A al'adarsu ba a gama biki sai ango ya durƙusa gaban uwarsa ta sa masa albarka, kuma Haji Mukhson ba mutumin da zai ba da 'yarsa ga wanda uwa ke fushi da shi ba ne. Amma da ya tuna lungun nan, da maƙwabta cike da tsakar gida, kowa ya san abin da ya faɗa, shi kuma yana jan gwiwa a kan tabarma da sabon wandonsa, sai zuciyarsa ta ƙi. Ya shiga neman hanyar da za a yafe masa ba tare da ya sunkuya ba.

Hanyar ta zo masa har ofis. Haji ya ce yana son a aika wa abokan cinikinsa gaisuwar Sallah da neman gafara kamar yadda aka saba, amma bana a rubuce, zuwa wayoyin shagunansu. Gunarto ya buga ƙirji ya ce injinsa zai iya. Abin ba shi da wani sihiri, ko da yake shi haka yake so a ɗauka. Injin ne zai kira cibiyar saƙonni ya yi mata wata ƙara irin ta gyare, ita kuma ta kira wayar wanda aka aika wa. In wayar mai gilashi ce, rubutun ya fito. In tsohuwar waya ce, sai wata muryar mace ta inji ta karanta wa wanda ya ɗauka. Gunarto ya sayi waya mai gilashi ya ba wani direban mota ya kai wa uwarsa, bai ko kira ya ji ta isa ba.

Aikawa ta yi daidai tun gwajin farko. Karɓar amsa ce ta ba shi wuya. Dole injin ya duba lambar mai kira: in cibiyar ce ya ɗauka ya yi mata ƙararsa, in mutum ne ya miƙa wa mutum. Injin ya ƙi gane lambar. Gunarto ya yi ta dannawa yana goge zufa a cikin sanyin nan nasa, azumi na cinsa, ga shi girman kai ya hana ya tambayi kowa. Daga ƙarshe ya yi abin da rago ke yi: ya saita layin yadda duk kiran da ya shigo injin zai ɗauka a matsayin saƙo. "Wa zai kira ofis ranar Sallah?" in ji shi. Sannan ya rubuta gaisuwar, ya jera lambobin abokan ciniki, ya liƙa lambar uwarsa a can ƙasa. Ko ya rubuta mata nata daban bai yi ba.

Ranar Sallah a gidan Haji ya ci tuwon shinkafar da ake dafawa cikin ganyen kwakwa. Da aka zo neman gafara, shi ya riga 'ya'yan gidan zubewa. Ashe gwiwoyin lafiyarsu lau. Ya rarrafa ya ɗora goshi a gwiwar Haji, har da rawar murya.

"Mahaifiyarka fa?" in ji Haji.

"Ai mun gama da ita tun da safe, Pak," in ji shi, wato Baba.

"Madalla. Jibi ka raka ni Demak mu gaishe ta, mu ƙarasa maganar biki."

Gunarto ya je da ƙarfin gwiwarsa. A lissafinsa ya nemi gafara, a rubuce ma, kuma injin ya nuna saƙo ya isa. Suka tarar da gidan cike da maƙwabta. Mbok Ponirah na zaune a kujerar gora, ta tarbi Haji da fara'a, Marsiti ta kawo shayi. Abin da Gunarto ya fara gani shi ne kwalin wayarsa a saman kabad, ko ledar ba a cire ba. Tsohuwar baƙar wayar da ubansa ya bari tana nan a mazauninta, an rufe ta da ɗan ƙyalle.

"Yaron nan ya ce kun gaisa ranar Sallah," in ji Haji.

"Wane yaro?" Ta waiga kamar tana nema. "Oh. A'a, Pak Haji. Wata yarinya dai ta kira ni. Muryarta a daskare, kamar mai mura, amma tana da ladabi. Ta ce mini, 'Ya abokin cinikinmu mai daraja, muna neman gafarar abin da muka yi a fili da a ɓoye.' Har ta ce sabbin kujerun cin abinci sun iso."

Wani maƙwabci ya ƙware da shayi. Haji bai yi dariya ba, don ya gane kalmominsa.

"Mbok, ai ni ne na aiko," in ji Gunarto. "Da kin jona sabuwar wayar da kin ga..."

"In ga me, yaro? Yaushe na iya karatu? Kai ka karanta mini takardar filin ubanka, ko ka manta?"

Ya manta ɗin.

Marsiti ta ajiye faranti da ƙarfi. "Gaya musu sauran, Mbok."

"Da ta ambaci sunan kamfaninku, Pak Haji, sai zuciyata ta karye. Na ce ƙila kunya ce ta hana shi magana, ya sa wata ta fara. Ɗana ne, ni na haife shi. Na sa Marsiti ta buga mini lambar ofishinsa, na ce in ya ɗauka, ko 'Mbok' kawai ya ce, shi ke nan, magana ta wuce. Aka ɗauka. Wani abu ya tsala mini ƙara a kunne. Na sake bugawa, na kira sunansa, abin ya sake yi mini ihu. Tun safe har la'asar ina bugawa."

Sai a lokacin Gunarto ya zube, da sabon wandon da komai, ya ja gwiwa zuwa gabanta yana satar kallon Haji ta gefen ido. Ita ma ta ga inda idon ya tafi. Ta janye gwiwoyinta gefe, goshinsa ya sauka a kan gorar kujera.

"Tashi, kada ka ɓata kayanka, ban yi shara ba yau," ta ce. Ta juya wurin Haji, wanda tuni ya fara laluben takalminsa. "In kun koma, ku gaya wa yarinyar nan na yafe mata. Ita ce ta kira."