Idon Inna da Kyamarar Aljihu

Shekara biyu ke nan ban taɓa kyamarar ba. Tana cikin durowar gado, a cikin wata tsohuwar safa, batirinta ya mutu, ban kuma yi niyyar tayar da shi ba. Matata ta ce in sayar tunda abu ne mai tsada, na ce ta bar ni da kayana. Ba son kyamarar nake yi ba. Gani nake wanda ya tafka irin wautar da na tafka bai kamata a raba shi da shaidarta ba.

Ni malamin gona ne a Haɗeja, aikina yawo. Yau Kaugama, gobe Malam Madori, jibi can cikin fadamar Guri inda babur ma sai an ɗora shi a kwalekwale. Wani lokaci a tura mu bita Kano ko Jos. Da wannan na fake sa'ad da na ƙudura sayen kyamara. Duk wanda ya tambaya sai in ce ta aiki ce da tafiye-tafiye: in ɗauki gonar shinkafa, in ɗauki yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, in ɗauko wa yara duwatsun Jos. Wayata ma za ta iya duk wannan. Gaskiyar magana ita ce na doshi shekara hamsin ba ni da hoton mahaifiyata.

Ni ne ɗan farin Inna, ita kuwa irin mutanen da ce masu riƙe kunya har kabari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kawuna a Haɗeja, ita tana ƙauyenmu na bayan Guri. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Mutumin Haɗeja take ce mini, shi ma ba da ni take maganar ba, da ƙanwata take yi, wadda ke aure a maƙwabta tana kula da ita. "Ki ce wa mutumin Haɗeja tuwonsa na hucewa." Ina zaune a gabanta za ta faɗi haka. In na durƙusa gaishe ta, takan amsa tana kallon tsintsiya, ko kaza, ko gindin darbejiyar tsakar gida. Kunnenta na dama na san shi kamar yunwar cikina. Idonta kuwa na sha ganin sa a kaikaice, yana kan wani, amma a kaina ban taɓa ganin sa ba. Ban taɓa gaya wa kowa abin yana cin raina ba, don dariya za a yi mini, a ce ƙato da furfura yana neman shagwaɓa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne shekarar da ruwa ya ci garinmu. Mutane suka kwashe abin da ya kwasu suka koma kan jinga. Wasu masu rabon agaji suka zo da jiragen ruwa, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki Inna hoto tana kan layi, zani ya jiƙe ya manne mata, ɗankwali ya zame, ga kwano a hannu. Matar da a gidanta masu yankan shinkafa ke cin abinci su bar saura! Hoton ya bi wayoyi, har a kasuwar kifi ta Haɗeja wani ya nuna mini bai san uwata ba ce. Da labari ya kai mata, sai ta ce duk wanda ya sake ɗaga mata waya a fuska ba ta yafe ba. Daga ranar ko jikokinta ba sa fito da waya in tana wurin.

To a haka na tafi Kano, wani shago da ake shigo da kyamarori daga waje. Maƙwabcina ne ya raka ni, wani malamin lissafi mutumin Filato da muka yi shekara ashirin katanga ɗaya. Shi ke ɗaukar hoton bukukuwa a cocinsu, ya san kan abin. Mai shagon ya ji bukatata, ya buɗe gilashi ya fito da guda biyu, ya ce duk garin nan ba na ukunsu.

Ta farko baƙa ce wuluk, ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ba ta da wani ado, ba ta da wurin leƙe, sai allo a baya kamar waya. Tana shiga aljihun kaftani ta ɓace. Kana dannawa ta farka, kuma ba ta ƙara ko kaɗan, da hannu ɗaya za ka ɗauki hoto tana kan cinyarka. Idonta mai faɗi ne, yana kwaso duk abin da ke gabanka. Ta biyu ta fi ta girma da nauyi, sama azurfa ƙasa baƙi, da maɓallan murɗawa a ka, kamar ta masu hoton da. Aljihu ba ya ɗaukar ta, rataya ta ake yi a wuya. Tana da 'yar taga a kusurwa, sai ka manna ta a fuska ka sa ido. Mai shagon ya ɗauki maƙwabcina da ita ya nuna mana, na ga fatarsa ta fito yadda Allah ya yi ta, har da ɗan tabon goshinsa.

Maƙwabcina ya juya su a hannu, ya ce, "Malam, ƙaramar nan ta ɓarayi ce. Babbar kuwa sai ka yi sallama kafin ka ɗauki mutum. In ni ne, mai sallama zan ɗauka."

Na ce masa shi da ba ya yawo a babur cikin laka me ya sani. Muka yi dariya, muka dawo ban sayi ko ɗaya ba.

Sati shida na yi ina wahalar da kaina. Na ƙarar da data wajen kallon wasu Turawa marasa aikin yi suna yawo a titi suna gwada su, wannan ya ce ƙaramar ta fi kaifi, wancan ya ce babbar ta fi launi. Na haddace nauyin kowace, na san wadda batirinta ke saurin ƙarewa, na san wadda ke jure yayyafi. Matata ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi wannan dogon nazari ba. Duk wannan ilimi bai taɓa ainihin tambayar ba, kuma na san da haka: in tambayi Inna, ko in sace.

Wata Asabar na je gida. Inna na bakacen shinkafa a gindin darbejiya, ta ba ni gefe kamar kullum. Na kira ƙanwata muka zauna a bakin ɗaki, na rufe wayar da tafin hannu ina nuna mata hotunan kyamarorin, ina magana ƙasa-ƙasa. Ashe kunnen nan da na sani yana aiki. Ba ta daina kaɗa faifan ba ta ce, "Ki tambaye shi, wace ce ke rufe fuskar mai ɗauka?"

Na ce babbar ce. Ta ce, "Uhm." Ta ci gaba da bakace.

Na ce a raina shi ke nan, tsohuwa ta gano ni, tana son ta san kamannin abin ne don ta yi tsaro. Wannan "uhm" ɗin shi ya yanke mini shawarar da Turawan suka kasa. Ranar Litinin na koma Kano ni kaɗai na ɗauko ƙaramar. A mota ina ta ba kaina fatawa: waya ta ce, wannan ba waya ba ce, ɗagawa ta ce, ni ba ɗagawa zan yi ba. Mutum in ya so cutar kansa ba ya rasa hujja.

Ba zan yi mata ƙarya ba, kyamarar ta yi aikinta. Na ɗauki masunta a kan gora suna iyo da taru, na ɗauki tsuntsayen jan-baki sun taso daga gona kamar hayaƙi, na ɗauki tashar Malam Madori ranar kasuwa ba wanda ya ɗago kai. A gida kuwa na zama gwanin sata. In zauna a kan tabarma, in sa hannu a aljihu, in zaro ta rabi, in kwantar a gwiwa in yi ta dannawa ina zancen farashin taki. Na sami hannuwanta suna gyaran kifi. Na sami ƙeyarta, da dugaduganta, da bayanta a bakin murhu. Na tara ɗaruruwa. Na zuba su a kwamfuta na kira maƙwabcina ina taƙama, ya daɗe yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Sun yi kyau. Amma ina take kallo?" Na ji haushinsa har na kwana biyu ban leƙa shi ba.

Akwai wata safiya bayan girbi da ba na son tunawa. Na kwana a gida, na fito da hantsi, sai na tarar da Inna a kan kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakinta. Ta sa sabuwar atamfa shuɗiya wadda ko karin guga bai fita ba, ta ɗaura ɗankwali, ta zizara kwalli. Ba faifai a gabanta, ba tsintsiya, hannuwa biyu a kan gwiwa. Ban taɓa ganin ta zaune haka kawai ba. Na ce lallai suna za a je. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Na zauna nesa kaɗan, na sa hannu a aljihu na saci guda biyu, ina jin daɗi yau na dace. Ta daɗe a zaune, har rana ta bar ƙofar ɗakin. Daga nan ta tashi ta shiga, ta fito da tsohon zaninta ta nufi murhu. Na tambayi ƙanwata gidan wa aka haihu, ta ja tsaki ta wuce. Na ce matan gidanmu dai sai haƙuri.

Da damina ta tsaya ruwa ya yanke hanyar garinmu, kamar yadda ya saba yanzu. Wata Laraba da safe ina ofis ƙanwata ta kira, ta ce Inna ta kwana da zazzaɓi, jikin ya rikice. Kafin in kai Guri ta sake kira. Na bar babur a wani gida, na yi ta jiran kwalekwale, mai tuƙi na kutsawa cikin kacalla da gwangwala kamar ba za mu isa ba. Na sauka bayan la'asar, na tarar maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Kyamarar na aljihuna, don ta riga ta zama mini jiki.

Bayan addu'ar uku ƙanwata ta kira ni ɗakin Inna. Ta buɗe akwati ta fito da shuɗiyar atamfar nan a ninke, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Yaya, kai dai ka yi boko amma ba ka da wayo."

Na ce me na yi.

"Kana tsammanin ba ta san da abin aljihunka ba? Tun ranar farko ta sani. Ta ce hannunka na rawa kamar mai satar nama a tukunya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ranar da ka nuna mini su a waya, kana tafiya ta aike ni kasuwar Guri na sayo wannan. Ta ce in mutumin Haɗeja ya sayo mai rufe fuskar, zan zauna masa. Ta ce ai ba fuskarsa zan gani ba, ƙarfe zan kalla, ba kunya tsakanina da ƙarfe. Shi kuma ya gan ni ta ciki."

Na ce, "To me ya hana ki gaya mini?"

"Ta hana ni. Ta ce uwa ba ta roƙon ɗan fari ya dube ta. Ran nan da ta sa kayan, cewa ta yi bari ta gwada, ko in ka ga ta shirya za ka ɗaga ƙaramar ma ka kare fuskarka. Ka zauna kana sosa aljihu."

Na tambaye ta zancen rashin yafiya. Ta ce Inna ta yafe tun ban tambaya ba, wai ai wancan baƙo ne, wannan kuwa nata ne. Wallahi da ta ce ba ta yafe ba da ya fi mini sauƙi, da na sami abin da zan yi ta roƙo har in mutu. Yanzu ba ni da abin roƙo. Abin da na nema tun ina yaro an kawo mini shi har ƙofar ɗaki, da kwalli da sabon zani, na zauna a gefe ina sata.

Hotuna biyun na safiyar nan suna nan. Daga ƙasa aka ɗauke su, a karkace, rabin hoton tabarma ce da gwiwata. Ana ganin atamfar sosai, har zanen ganyen da ke jiki, don kyamarar akwai kaifi. Fuskar tana wajen bango.

Bara aka sake tura mu bita Kano. Da aka tashi cin abinci na sulale na je shagon, ban san me zan yi ba. Akwai irin babbar a cikin gilashi. Na ce mai shagon ya miƙo mini, na rataya a wuya, na juya wajen madubin da ke bayan ƙofa, na ɗaga ta na manna a fuska. Ta cikin 'yar tagar na ga wani mutum da hula a sama, gemu a ƙasa, tsakiya ƙarfe da gilashi. Ko ni ban gane shi ba. Da Inna ta iya kallon wannan har rana ta faɗi.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, ta yi maka kyau. A naɗe?"

Na cire ta daga wuya na ajiye masa a kan gilashi. Na ce, "Wa zan ɗauka?"