Bataliya a Kan Babura Sha Biyu

Kakarmu Iya Dudu ba ta yarda da baƙo sai ta ƙirga shi. Ta shekara ashirin tana sayar wa sojoji abinci a bariki kafin ta dawo ƙauyenmu na gefen Damari, saboda haka lissafin soja a bakinta yake, kuma da tukunya take auna shi. Bayan magariba za ta zaunar da mu gaban murhu, tana gasa mana masara tana bita.

"Sakshan mutum goma, tukunya ɗaya ta ishe su. Sakshan uku filatun. Filatun uku kamfani, mutum ɗari da ɗoriya. Bataliya fa?"

"Sai an kayar da sa!" mu amsa da ihu.

"Ja'irai, sa ɗaya? Kamfani huɗu ko biyar ne, ku ce shanu."

Daga nan sai ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso. Wai kuraye ne suka yafa fatun karnuka, suka shiga garin awaki suka ce su bataliyar Zaki ce, an turo su gadi, kowa ya fito dandali a san yawansa. Awaki na ta guɗa. Wata tsohuwar akuya ta leƙa ta ƙirga su, tara cif. Ta ce, "Sannunku da hanya, ina mai dafa muku abinci?" Suka yi tsuru-tsuru. Ta kaɗa 'ya'yanta ta bayan gari, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ni a lokacin haushin akuyar nake ji. Wannan wane irin zargi ne, baƙo ya zo taimako a tsare shi da tambaya?

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da dajin nan ya lalace da 'yan bindiga. Wata ranar damina da hantsi wasu mutane cikin kakin soja suka shigo garinmu, suka ce su bataliya ce daga Kaduna, duk namiji ya hallara filin makaranta. Ina tsaye a ƙofar gida da yayana Sale, na ƙirga babura sha biyu. Ba mota, ba ko jarkar ruwa. Na juya wajen Sale.

"Yaya, sojan gaske ba zai kira mutum ashirin bataliya ba. Mu shiga dawa."

"Kai dai ka cika zargi. Shekara nawa muna roƙon a kawo mana soja?"

Na riƙe masa riga, ya fizge ya nufi filin. Na kwashi iyalina da nasa muka kwanta cikin gonar dawa har la'asar. Duk wanda ya je filin nan daji aka kora shi, kuma Sale bai dawo ba.

Ba na alfahari da wannan wayo, wallahi zafi yake mini. Zargin da Iya ta shekara tana ɗura mana na kasa ɗura wa ɗan'uwana cikin minti ɗaya. Shi ma fa a gaban murhun nan ya tashi, sai dai kullum barci ke ɗauke shi kafin kurayen su shigo gari.