Moin-da, Ka Tafi Ba Ka Gama Littafin Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairun 2025, ina shagona na buga littattafai a Kolkata aka kira ni, aka ce Farfesa Moinul Gazi ya rasu a gidansa na unguwar Park Circus. Moin-da, kamar yadda muke kiran ka don girmamawa, sai da na zauna na yi kuka tukuna haushinka ya taso mini.

Tun 1993 ka yi mini alkawarin littafi kan tarihin 'yan kwaminis na ƙasarmu da dangantakarsu da Mosko. Lokacin Tarayyar Sobiyat ta rushe, an buɗe ɗakunan adana takardun da aka kulle shekara da shekaru, ka tafi can da rigar sanyi ta aro. Ka dawo a rame, ka ce mini tarihin da muka haddace tun muna samari sai an sake shi. Mosko ta ba da umarni, gaskiya ne, amma shugabannin ma'aikatan masaƙun Howrah sau da yawa sun yi musu da ita, sun yi abin da suka ga dama. Sannan wasu 'yan ƙasarmu da aka ce ciwo ya kashe su a can, ashe harbe su aka yi.

Ba zan manta Protima-di ba, tsohuwar da mahaifinta yake cikinsu. Ka ƙi rubuta ko kalma ɗaya sai da ka hau bas ka je gidanta, ka zauna a ƙasa, ka gaya mata da bakinka. Daga nan har ta rasu, ba ka fasa kai mata kifi duk Lahadi ba.

Sakamakonka kuwa? A taron jam'iyyarku ta kwaminis Kwamared Haradhan ya miƙe ya ce, "Moin-da, faɗa mana gaskiya, Amurka ce ta saye ka?" Ka ɗaga ƙafa ka ce, "Haba Haradhan, wanda Amurka ta saya ne zai yi yawo da wannan takalmin?" An yi dariya, amma daga ranar suka daina gaishe ka. Masu ƙin jam'iyyar su ma suka zo da murna, suna so ka rubuta cewa kakanninmu duk 'yan amshin shatan Mosko ne. Ka ba su shayi, ka nuna musu ƙofa. Ka zauna ba kowa a bayanka, kuma ba ka damu ba. Mu ne muka damu.

Ni kuwa ka wahalar da ni. Ka kawo babi, in shirya shi, sai ka faɗo shago kana haki: an buɗe wasu takardu a Berlin, a dakata. Gobe Tashkent. Na taɓa ce maka, "Moin-da, so kake in mutu kafin a buga?" Ka ce, "To in buga ƙarya don kar ka mutu?"

Ranar jana'iza sai ga Haradhan da mutanensa da jar tutar jam'iyya, wai za su lulluɓe ka. Matarka, Saleha-bhabi, ta tare ƙofa ta ce, "Ashe kun san hanyar gidan nan? Ku shigo ku yi addu'a, tutar ku bar ta a waje."

Jiya ta miƙa mini rubutun gaba ɗaya, da gyare-gyarenka a gefe. Zan buga shi yadda yake, Moin-da, kuma na san da kana nan da ka hana.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Saleha-bhabi da 'yarku Nasrin da ɗalibanka haƙuri. Mu da ka bari da aikin, Allah Ya ba mu rabin gaskiyarka, amma Ya raba mu da taurin kanka.

Abdus Sobhan Mollah, Kolkata